Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba: Sharhi Kan Saɓanin Sassan Manhaja A Uwar Garke

A shagunan kwamfuta na garin Jega, da waɗanda ke kewaye da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, har zuwa Maiyama, amsa guda ake ba mutum idan shafin rajista ko na biyan kuɗi ya ƙi buɗewa: babu netwok. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akan samu ranar da waya ke nuna sabis a cike, saƙon WhatsApp na shiga, sauran shafuka na buɗewa, sai wannan shafi ɗaya tak ya cije, ko ya fito da farin allo ɗauke da lamba 404, 500 ko 503. Waɗannan lambobi da kansu shaida ne cewa saƙo ya isa inda aka aika shi, har an maido amsa. Hanya lafiya lau take. Abin da ke zaune a ƙarshen hanyar ne ya gaza.

Dalilan irin wannan gazawa suna da yawa, daga cunkoson masu shiga zuwa cikar ma'ajiya. Akwai ɗaya da ba a cika jin sa a bakin kowa ba sai masu sana'ar, shi ne rashin jituwa tsakanin sassan da aka harhaɗa manhajar da su. Shi ke sa manhajar da ta yi aiki sumul a kwamfutar wanda ya rubuta ta ta ƙi motsi ranar da aka ɗora ta inda jama'a za su yi amfani da ita. Magana ce ta injiniyoyi, amma asarar a kan wasu take sauka: ɗalibin da ya biya kuɗin babur daga Alelu zuwa Jega don cire takarda ya koma hannu rabbana, ko jami'in alƙaluman lafiya da ke riƙe da rahoton wata na ƙananan asibitoci wa'adi na ƙure masa.

Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Manhaja ita ce jerin umarnin da kwamfuta ke bi. Uwar garke, wadda masu aikin ke kira saba, kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana amsa buƙatun wasu kwamfutoci da wayoyi. A cikinta akwai wata babbar manhaja mai masaukin baƙi: ita ke karɓar sauran manhajoji, ta tashe su, ta haɗa su da rumbun bayanai, ta miƙa musu saƙonnin da ke shigowa. Ita ake nufi da uwar garken manhajoji. Fitattunta a harshen Java su ne Tomcat na gidauniyar Apache, WildFly, GlassFish, WebLogic na Oracle da WebSphere na IBM. Ɗora manhaja a kanta har ta fara aiki shi ne girkawa.

Sashe, ko modul a bakin masu sana'ar, yanki ne na manhaja mai aiki guda da za a iya cirewa ko sauyawa shi kaɗai, kamar sashen rajistar marasa lafiya ko sashen fitar da rahoto. Laburare kuwa a nan ƙunshin umarni ne da wani ya riga ya rubuta don kowa ya ɗauka, misali na buga takardar PDF. Idan sashe ba zai iya aiki ba sai da wani sashe ko wata laburare, an ce yana da dogaro a kansu. Akwai kuma dogaron dogaro: ka nemi laburare ɗaya, ita ta jawo biyar, kowace cikin biyar ɗin ta jawo nata. Da haka manhajar da marubucinta ya ambaci laburare goma za ta iya ƙarewa da sama da ɗari.

Kalma ta ƙarshe ita ce bugu, kamar yadda ake cewa bugu na biyu na littafi. Yawanci lamba uku ake ba shi, misali 2.4.1. Bisa al'adar da da yawa ke bi, sauyin lambar ƙarshe gyaran kuskure ne, sauyin ta tsakiya ƙari ne da bai taɓa tsohon aiki ba, sauyin ta farko kuma gargaɗi ne cewa abin da ya dogara da tsohon bugu zai iya karyewa. Al'ada ce kawai, ba doka ba, kuma ba kowa ke cika ta ba. Warware dogaro shi ne zaɓo wa kowane sashe bugun da zai gamsar da shi ba tare da an ɓata wa wani ba.

Manomin albasa a fadamar Aliero ya san wannan matsala ta wata fuskar. Injin ban-ruwansa mai baki inci biyu ne, aka sayo masa tiyo mai inci uku. Injin lafiyayye, tiyo sabo dal, amma ruwa ba zai kai gona ba.

Yadda aka iso nan

Kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java a 1995. A 1999 ya fito da J2EE, ƙa'idojin da suka tsara yadda za a naɗe manhaja cikin fayil guda a miƙa wa uwar garke. Fayil ɗin JAR na ɗauke da laburare ko sashe guda, WAR na ɗauke da manhajar intanet sukutum da laburarenta, EAR kuma na tara da yawa daga cikinsu. Tsarin farko na Java mai sauƙi ne har ya yi yawa: a jera fayilolin JAR a layi, duk abin da aka nema a bi layin, wanda aka fara gani shi ne. Babu mai duba bugu, babu mai ƙorafi idan abu ɗaya ya zo sau biyu.

Duk abin da ya biyo baya ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka ne. A 1999 ɗin dai aka kafa ƙungiyar OSGi, wadda ta tsara cewa kowane sashe ya rubuta abin da yake buƙata da abin da yake bayarwa, har da bugu. Manhajar Eclipse ta koma kan wannan tsari a 2004, GlassFish na uku ya bi sahu a 2009. A 2004 kuma Maven ya fito, kayan aikin da ke karanta jerin buƙatun manhaja ya je rumbun intanet ya sauko da su da kansa. JBoss, wanda daga baya ya zama WildFly, ya ƙirƙiro nasa tsarin sassan a bugu na 7 a 2011. Java kanta ba ta samu tsarin sassa na cikin gida ba sai Satumban 2017 da bugu na 9, kuma ko shi da gangan ya bar zaɓen bugu a hannun wasu kayan aikin. Sakamakon shi ne yau akwai alƙalai da yawa a kan shari'a ɗaya, kowa da dokarsa.

Inda saɓanin ke tasowa

Mafi sauƙin ganewa shi ne rashi. Sashe ya nemi abu, ba a same shi ba, sai littafin rahoton uwar garke ya rubuta ClassNotFoundException ko NoClassDefFoundError. Sau da yawa abin na nan a kwamfutar marubuci, shi ya sa bai lura ba. Ya shaida wa Maven cewa uwar garke ce za ta kawo wannan laburare, don haka ba a naɗe ta cikin WAR ba, uwar garken da aka girka a kai kuma ba ta da ita. Tomcat, misali, ba ya zuwa da yawancin abubuwan da WildFly ke zuwa da su. Manhajar da aka gina da tunanin ɗaya aka kai wa ɗayan za ta tarar da ɗaki wayam.

Na biyu shi ne tazarar bugun Java. Abin da aka harhaɗa da Java 17 ba ya tashi a kan Java 8. Saƙon kuskuren kan ambaci lamba 61 da 52, mai karatu ya rikice, alhali 61 alamar Java 17 ce, 52 kuma ta Java 8. Wannan ma da sauƙi, don tun a bakin ƙofa yake tsayar da aiki.

Mai wuyar shi ne na uku. A ce sashen biyan kuɗi yana buƙatar wata laburare bugu na 1.2, sashen rahoto kuma yana buƙatar ita wannan laburare bugu na 2.0. A layi ɗaya ba za su zauna tare ba, dole a zaɓi guda. Maven na zaɓar wanda ya fi kusa da saman jerin dogaro, idan kuma nisansu ɗaya sai ya ɗauki wanda aka fara ambata. Gradle, abokin gogayyarsa, na zaɓar mafi sabo. Ka ga jerin buƙatu ɗaya zai iya haifar da manhaja biyu daban, gwargwadon kayan aikin da aka yi amfani da shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne babu abin da ke faruwa ranar girkawa. Manhaja ta tashi, shafin farko ya buɗe, an yi tafi, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa. Sai ƙarshen wata, lokacin da aka danna maɓallin rahoto a karon farko, sashen ya kira wani aiki da babu shi a tsohon bugun da aka zaɓa, sai NoSuchMethodError. A lokacin babu mai tuna cewa makonni uku da suka wuce an ƙara wani sashe.

Na huɗu ya shafi mai ɗauko umarni, wato kilas-loda, ɓangaren Java da ke zuwa ya nemo kowane guntun umarni lokacin da aka buƙace shi. A uwar garke ba ɗaya ba ne. Akwai na Java kanta, akwai na uwar garke, kowace manhaja kuma da nata. A ƙa'idar asali, na ƙasa kan fara tambayar na sama kafin ya duba abin da ke hannunsa. Tomcat ya juya wannan ga manhajojin intanet: ban da ginshiƙan Java, yakan fara duba jakar manhajar kafin ya tambayi sama. Wasu uwayen garken kuma zaɓi suke bayarwa. To a wurin Java, guntun umarni ɗaya da masu ɗauko biyu suka ɗauko abu biyu ne daban, ko da suna ɗaya ne, ko da daga fayil iri ɗaya suka fito. Daga nan ne ake samun saƙon da ke sa sabon shiga dafe kai, inda za a ce masa ba a iya mayar da wani abu zuwa shi kansa ba. Maganinsa kusan kullum ɗaya ne: an saka laburare ɗaya a wuri biyu, a cire ɗaya.

Akwai kuma wani babban sauyi da har yanzu ake jin raɗaɗinsa. A 2017 Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya miƙa ƙa'idojin Java na manyan manhajoji ga gidauniyar Eclipse, amma ba a cimma yarjejeniya kan ci gaba da amfani da sunan javax ba. Don haka a 2020, da fitowar Jakarta EE 9, aka sauya sunayen zuwa jakarta. Tomcat 9 na jin tsohon suna, Tomcat 10 sabon kawai yake ji. Ma'aikacin da ya ga an fito da sabon Tomcat ya ce bari ya kyautata, ya ɗora tsohon WAR a kai, zai iya ganin an girka ba tare da wani babban ƙorafi ba, amma kowane shafi 404. Tomcat ya tanadi kayan juya tsohon fayil zuwa sabon suna, sai dai ba kowace laburare ke jure juyin ba.

Misali daga fannin lafiya

Wannan ba labarin ƙasashen waje kaɗai ba ne. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa kuma Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya na ƙasa da ita, fayil ɗin WAR ce da ke zama a kan Tomcat da rumbun bayanai na PostgreSQL. Rahoton wata da ke fitowa daga ƙananan asibitocin karkara, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar, a can yake sauka. Kowane bugu nata yana da bugun Java, na Tomcat da na PostgreSQL da ya yarda da su. DSpace, da jami'o'in Najeriya da dama ke ajiye kundayen bincike a ciki, ita ma haka take.

Wadda ta fi fito da batun fili ita ce OpenMRS, manhajar bayanan marasa lafiya da cibiyar Regenstrief da ƙungiyar Partners In Health suka fara a 2004, aka fara aiki da ita a Eldoret ta Kenya. A kanta aka gina NMRS da ake amfani da ita a asibitoci masu kula da masu ɗauke da HIV a jihohi da dama na Najeriya. Ginin OpenMRS na sassa ne zalla. Akwai cibiya, sannan kowane aiki na zuwa a fayil mai ƙarewa da omod. A cikin kowanne akwai takardar da ke faɗin mafi ƙarancin bugun cibiya da yake karɓa da sauran sassan da sai sun tashi kafin ya tashi. Sashen rahoto, alal misali, yana buƙatar sashen lissafi da na adana tsari. Idan ɗaya ya gaza, duk na bayansa sai su zauna, kuma mai kallo zai ga sassa goma sun ƙi tashi alhali ɗaya ne mai laifi. Shi ya sa masu wannan manhaja ke fitar da ita a ƙunshi, da jerin sassa da bugunsu da aka gwada tare. Wanda ya zaro sashe ɗaya daga intanet ya cusa, don an ce sabo ne, ya fita daga abin da aka gwada.

Ra'ayoyin masu sana'ar

Masu goyon bayan OSGi na cewa a tsananta tun farko. Kowane sashe ya rubuta a takardarsa abin da yake shigowa da shi da iyakar bugun da yake karɓa, misali daga 1.2 zuwa ƙasa da 2.0. Kafin a tashe shi, mai warwarewa ya duba. Idan buƙata ɗaya ba ta cika ba, sashen zai tsaya a matakin da aka ajiye shi, ba zai wuce ba. Kowane sashe na da mai ɗauko nasa, don haka bugu biyu na laburare ɗaya na iya zama a gida ɗaya, ana kuma iya sauya sashe ba tare da kashe uwar garke ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: gara kuskure ya bayyana ranar girkawa da ya bayyana ranar da layi ya kai bakin titi. Masu suka na cewa farashin ya yi tsada. Laburare da yawa ba a rubuta su da wannan takarda ba, sai an naɗe su da hannu. Idan kuma sassa biyu da ke musayar bayani suka ga bugu daban na abu ɗaya, saƙon kuskuren kan cika allo, kuma ƙwararre ne kawai ke iya karanta shi. Ba ragwanci ne ya kawo wannan ba. Masana lissafin kwamfuta sun nuna cewa zaɓen bugu da zai gamsar da kowa yana cikin matsalolin da ba a san wata gajeriyar hanyar warware su ba idan suka yi girma.

Wasu na ganin a bar uwar garke ta riƙe laburaren da ake tarayya a kansu, manhajoji su riƙa nema daga gare ta, kamar yadda WildFly ke yi. Fayilolin girkawa na raguwa, kuma gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Illarsa ita ce gyara ɗayan nan zai iya kayar da kowa. Ma'aikatar da ta tara shafin rajista, na albashi da na sakamakon jarrabawa a uwar garke ɗaya ta ɗaure su da igiya ɗaya.

Ra'ayi na uku, wanda ya fi rinjaye a shekarun nan, cewa yake a daina tarayyar gaba ɗaya. Spring Boot, da ya fito a 2014, na naɗe manhaja da laburarenta har da Tomcat ɗin kansa cikin fayil guda. Docker, tun 2013, ya ƙara gaba: har Java da kayan tsarin aiki ake rufewa cikin kwantena, abin da aka gwada shi ne ainihin abin da za a kunna. Sai dai a lura, wannan bai kashe matsalar ba, matsar da ita ya yi daga ranar girkawa zuwa ranar harhaɗawa. Har yanzu Maven ko Gradle ne zai zaɓi bugu, kuma zai iya zaɓar wanda bai dace ba. Ga nauyi kuma: fayil mai ɗaruruwan megabait ba abin wasa ba ne ga mai sauke shi da datar waya.

A ganina, ga ma'aikatar da ke da ma'aikacin kwamfuta ɗaya ko biyu, ra'ayi na uku ya fi dacewa, saboda dalili guda: idan sabon ya ƙi, ana iya komawa ga fayil ɗin jiya cikin minti kaɗan. Tsarin OSGi na da kyau inda akwai tawagar da za ta riƙe shi. Inda babu, iya sauya sashe ba tare da kashe uwar garke ba alfanu ne da ba a cika buƙata ba, don shafin makaranta zai iya hutawa minti goma da tsakar dare ba wanda ya cutu.

Abin da yanayinmu ya ƙara

Kayan aikin nan duka an gina su da zaton intanet ba ya yankewa. Maven kan sauko da ɗaruruwan ƙananan fayiloli, kuma idan layi ya katse a tsakiya, yakan bar guntun fayil ko alamar gazawa a ma'ajiyarsa, daga baya ya ƙi sake gwadawa sai an tilasta masa ko an share. Ɗaukewar wuta a tsakiyar girkawa ma kan bar jakar manhaja rabi tsohuwa rabi sabuwa. Kuma yankewar ba ta unguwa ce kaɗai ba. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ma'aikatu suka shiga tasku. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a maƙwabciya Zamfara saboda tsaro. Duk wanda gyaran manhajarsa ya rataya a kan sauko da abu daga Turai ko Amurka, a irin waɗannan ranaku sai dai ya naɗe hannu.

Rumbunan da ake saukowa daga gare su ma ba dawwamammu ba ne. A Janairun 2020 babban rumbun Maven ya daina amsa tsohuwar hanyar da ba ta da kariya, tsofaffin ayyuka da yawa suka daina harhaɗuwa. A 2021 kamfanin JFrog ya sanar da rufe rumbun JCenter. A Maris 2016 wani marubuci ya janye wata laburare mai layi 11 kacal, left-pad, daga rumbun npm, dubban ayyuka suka tsaya har sai da aka maido ta. Maganin wannan sananne ne kuma ba shi da tsada: ma'aikata ta ajiye kwafin duk abin da manhajarta ta dogara da shi a cikin gida, da kayan aiki irin su Nexus ko Artifactory, ko ma a faifan ajiya guda biyu.

Babbar ɓarakar dai ta mutane ce. Abin da aka saba shi ne a ba da kwangila, a kawo manhaja, a girka, a yi bikin buɗewa, ɗan kwangila ya koma Abuja ko Legas. Abin da ya bari fayil ne rufaffe. Babu jerin sassa, babu bugu, babu bayanin yadda aka harhaɗa. Ma'aikacin da aka bar wa riƙo, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, yana da zaɓi biyu: ya taɓa ta lalace, ko ya ƙyale ta tsufa. Yawanci na biyun ake zaɓa, kuma ba za a zarge shi ba.

Illar barin ta tsufa

A Disamban 2021 aka bayyana wata kafa a Log4j, laburaren da manhajojin Java ke rubuta rahoton ayyukansu da ita. Kafar ta ba ɗan kutse damar tura gajeren rubutu ta akwatin shigar da suna ya karɓe ragamar uwar garke, aka kuma ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Gyaran ya fito da wuri, daga bugu na 2.15.0 har zuwa 2.17.1 kafin ƙarshen watan. Abin da ya ba duniya wahala shi ne sanin ko tana da Log4j ɗin ma. A yawancin manhajoji ba wanda ya saka ta da hannu, dogaron dogaro ce ta shigo da ita, tana can ƙasa hawa uku ko biyar. A 2017 kamfanin Equifax na Amurka ya yi asarar bayanan mutum kusan miliyan 147 saboda wani sashe na Apache Struts da gyaransa ya fito watanni kafin kutsen, ba a ɗora ba.

Bayan irin waɗannan ne batun jerin kayan haɗin manhaja, SBOM a taƙaice, ya samu ƙarfi, har gwamnatin Amurka ta sa shi cikin umarnin shugaban ƙasa na Mayun 2021. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukuma idan an yi kutsen da zai iya cutar da su. Makaranta ko asibitin da ke riƙe da lambar NIN, sakamakon gwajin jini ko bayanan biyan kuɗi, amma ba ta san abin da ke cikin manhajarta ba, ba ta da hanyar cika wannan alhaki.

Abin da ya rage a yi

Ga masu riƙe da uwar garke, aikin ba ya buƙatar sabon kasafi. A rubuta bugun kowane abu daidai, kada a bar wa kayan aiki su ɗauko mafi sabo da kansu. Maven na da umarnin da ke zana bishiyar dogaro gaba ɗaya. A karanta ta kafin girkawa, a ga wa ya jawo wa. A samu wata kwamfuta, ko tsohuwa ce, mai Java da Tomcat iri ɗaya da na ainihi, a fara gwadawa a can, kuma gwajin ya kai ga maɓallan da ba a dannawa sai ƙarshen wata. Kada a sauya abu biyu rana ɗaya, kada kuma a sauya komai a makon rajista. Idan abu ya lalace, a hau littafin rahoto zuwa kuskuren farko, don na ƙasa yawanci 'ya'yansa ne.

Jami'ar Aliero, da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru na yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara. Ɗalibi kan gama aikin kammala karatu ya nuna shi a kwamfutarsa a ba shi maki. Da za a ce sai ya girka shi a wata kwamfutar da bai taɓa taɓawa ba, daga jerin da ya rubuta kawai, da ya koyi rabin abin da ke cikin wannan sharhi a mako guda.

Ga shugabannin makarantu, asibitoci da ƙananan hukumomi kuwa, ba sai sun iya Java ba. Kafin a sa hannu a biya kason ƙarshe na kwangilar manhaja, a nemi abu uku a rubuce: jerin duk sassa da laburare da bugunsu, kwafinsu a hannun ma'aikata, da sunan wanda zai ɗora gyaran tsaro da tsawon lokacin da zai yi yana yi. Sannan a sa ma'aikacin gida ya girka manhajar daga farko a gaban ɗan kwangila. Idan ba ta tashi ba, aikin bai kammala ba, kada a biya.